Rawar Lado a Bikin Sagiru

An wuni ana yayyafi ranar bikin Sagiru, ɗan ƙanen Lado, a nan Fassi. Da gari ya washe, abokan ango suka kawo mai fiyano daga Rano.

Lado maƙwabcina ne. Tun yana saurayi, in aka buga gangar noma a gayya, ba mai shan gabansa. Shi ya sa ya yi ta cika baki wai babu kiɗan da zai gagare shi.

Da aka saki kiɗa, samari suka kama tsalle. Lado ya shiga fili, ya karkata kunne yana neman inda garma za ta sauka. Can sai ya duƙa kamar mai riƙe da garma, ya dinga sara yana juya ƙasa har bakin katanga.

"Baba, rawa ake yi, ba huɗa ba!" in ji Sagiru.

"Rufe min baki! Kiɗan naku ne ba shi da gindi, na yi masa."

Hansatu matar Lado ta leƙo ta ce, "Malam, in ka gama, gyaɗata ma tana jira."

Yanzu ciwon baya ya raba Lado da gona. Yana zaure yana tufkar igiya.