Rakiyar Daktora Zuwa Gidan Ungozoma a Misfala

Jidda

Ana sallame asuba Daktora Samira ta iso ƙofar gidana. Jikar Hausawa ce, haihuwar nan, Hausarta duk ta sha Larabci. Bincike take yi kan matanmu masu ciki da ke haɗiyar ƙwaya don su iya wuni tsaye suna talla, aka ce mata ba mai kula ta sai da dattijo. Dattijo mai iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, ga ilimi har aji huɗu na elementare, in ba ni ba wa?

Motarta fara fes, da tambari a ƙofa. Na ce, "'Yata, unguwar da ba kowa ke da takarda ba za ki shiga da wannan? Kafin ki kashe inji an watse." Muka hau tasi zuwa Misfala, unguwar mutanenmu a birni mai tsarki.

Shumaisi

A shingen bincike ɗan sanda ya dubi hotona, ya dube ni. Hoton ya fi ni haƙora. Katin Daktora kuwa ko juya shi bai yi ba, abin da ya sa na ƙara sa mata ido.

Tandabawi

Muka karya da gurasar tamis da dafaffen waken ful. Na ce, "Abin da matan nan za su faɗa, ina zai kwana?"

"A jami'a, Baba. Ba suna."

"Jami'ar ba ta da ƙofar baya zuwa ofishin jawazat, masu kamen marasa takarda?"

Ta rantse. Na karɓi rabin rantsuwar.

Misfala

Hajiya Kande ungozoma, Bazazzagiya, can saman bene take. Ta ce, "Bakano, yau me ka kawo sayarwa?"

"Likita, Hajiya."

Ta karɓe wayoyinmu ta jefa a kular abinci, ta rufe, ta zauna a kai. Ni aka ajiye a matakala bayan labule, wai namiji ne.

Mata suka taru. Daktora ta ce, "Wace ce ke shan ƙwayar a cikinku?" Sai na ji ana laluben takalma. Hajiya ta ce, "Nan ba mai sha. Maƙwabta ke sha. Tambayi labarin maƙwabta." Nan fa bakuna suka buɗe, kowa da maƙwabciyarta. Wata murya ta ce tata cikin ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, kai na sara, amma tana tsoron asibiti, kada a tisa ƙeyarta gida a bar mata yara a nan.

Daktora ta leƙo matakala tana raɗa. "Baba, ba wata maƙwabciya, mai shuɗin mayafin ce da kanta. Alamar hawan jini ce, yana kisa. Bari in ja ta gefe."

"Kina jan ta gefe, kin sanar da Misfala duka. Auna kowa."

Ta auna kowa, har ni da ba ni da ciki. Da za a tashi Hajiya ta tsayar da mata uku su taya ta wanke-wanke, mai shuɗin mayafi na ciki. A nan Daktora ta ce mata asibiti yau, kuma ita za ta shiga da ita ta tsaya mata.

Hajiya ta ce, "Wace ce kakarki?" Daktora ta faɗi sunan, da layinsu a Rusaifa.

"Na san gidan. In yarinyar nan ta kwana hannun hukuma, a ƙofar kakarki zan tare da tabarmata."

Daktora da Hajiya da yarinyar suka sauka, aka bar ni da neman tasi.

Gida

Bayan la'asar na iso Jidda, gwiwoyi na ƙara. Washegari Hajiya ta kira: an kwantar da yarinyar, jinin ya sauka, Daktora na zaune bakin gadon. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni, na gode wa Hajiya. Godiyar Daktora na ajiye tukuna, sai na ji an sallamo yarinyar ta taka Misfala da ƙafarta.