Kwaɗon Kawu

Kawuna ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana mutane shiga inda ba a gayyace su ba. Gyaran makulli ne sana'arsa, a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota, kuma alfaharinsa ɗaya ne: ɓarawo bai taɓa buɗe kwaɗon da ya maƙala wa ƙofa ba.

Da zaman rumfa ya fara gagararsa, babbar 'yarsa ta ɗauko shi. Ta buɗe gidan wasa irin na zamani, inda ake kulle mutane a ɗaki, su yi ta warware wasan ƙwaƙwalwa har su gano mabuɗin fita kafin lokaci ya cika. Ta ba shi ɗaki guda ya shirya.

To, nan hali ya fito. Kawu ya kulle ɗakin kamar banki, akwati cikin akwati, kowanne da makullinsa. Duk wanda ya shiga sai an buɗe masa daga waje, ya fito yana tsaki. Shi kuwa gogan yana gaban talabijin ɗin da ke nuna cikin ɗakin, sai murmushi yake.

"Baba, mutane ba sa dawowa," in ji 'yarsa. "In Asabar ɗin nan ma ba a fita ba, zan rufe ɗakin, ka koma gida ka huta."

Babu abin da Kawu yake tsoro kamar hutu. Ya cire makullan yana ƙunƙuni kamar ana cire masa haƙori. Guda ɗaya ya bari a ƙofa, ya rubuta a bango: "Mabuɗi yana cikin kwaɗo."

Ranar Asabar na je kallo. Wasu malaman makaranta ne suka shiga, suka dirar wa kwaɗon ƙofa, wannan ya leƙa raminsa, wancan ya jijjiga shi. Lokaci yana tafiya. Kawu ya matsa kusa da talabijin.

"Ku juya mana," yake ce wa talabijin. "Ku dubi tukunyar furanni."

Can sai wata mai gilashi ta tsaya cak, ta fashe da dariya. Ta ɗauki kwaɗon roba, kore shar, da ke zaune gefen tukunyar, ta zura yatsa a bakinsa, ta ciro mabuɗi.

Kawu ya riga kowa isa ƙofar, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da sa albarka. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin wannan ba, ni kaina sai da na share ƙwalla.

"Baba, sun ce za su turo abokan aikinsu," in ji 'yarsa.

"To, sai a sauya wa kwaɗon wuri," in ji Kawu. "Gobe da sassafe zan zo. Kada wanda ya taɓa mini ɗaki."