Ƙofar Gaba ta Mama

A shekarata ta farko a jami'a a garin Greensboro na ƙasar Amurka aka ba mu wani tsohon littafin labari a kan zaluncin da aka yi wa baƙaƙen fata a kudancin Amurka. Malamarmu ta ce kowa ya rubuto yadda zaman mutane yake a zamanin da littafin ke magana a kai. Ni kuwa sarkin rawar kai, na jido littattafai daga laburare har hannun jakata ya tsinke, ina ganin babu abin da ya rage mini ban sani ba.

A East Greensboro muke haya ni da maigidana. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce baƙar fata, doguwa, ita kaɗai a gidanta, da hulunan zuwa coci kala-kala. Mama nake ce mata. Ita ta nuna mini ranar fitar da shara, ita ta hana ni shuka tattasai kafin sanyi ya gama wucewa. Ga faɗa, ga kyauta. Wallahi ita ta rage mini kewar mahaifiyata.

Ranar Sallah na yi waina da miyar taushe, na zuba mata a kwano. A gidanmu a Kano mace ba ta ratsa falo da abinci a hannu. Ta ƙofar kicin take shiga, ta bar wa maza da baƙi ta gaba. Sai na zagaya baya na ƙwanƙwasa. Da ta buɗe na rusuna, na sunkuyar da kai, na miƙa.

Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta mayar da ƙofarta ta rufe. Ikon Allah! Na dawo gida ina huci.

Maigidana ya ce, "Ƙila ba ta son mai ne."

Na ce, "Haba Malam, matar da ke soya kaza duk Lahadi?"

Kwana huɗu ko labulenta ba ta ɗaga ba. Fushina ya koma tsoro, don ban san laifina ba, kuma ba ni da wata uwa a garin nan sai ita. A rana ta biyar ina dawowa daga makaranta na tarar da ita zaune a barandarta.

Ta ce, "Zo nan, 'yar nan. Ta nan, ta gaba."

Na hau matakala na zauna. Ta ce mahaifiyarta ta yi shekara da shekaru tana girki da wanki a gidan wasu fararen fata, ta raini 'ya'yansu har suka girma, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga ta ƙofar gaba ba. Ita Mama tana ƙarama takan bi ta, su tsaya a baya kai a ƙasa har a buɗe musu. Da suka sayi gidan nan ita da marigayi mijinta, ta ɗauko mahaifiyar tata ta ce ita za ta fara shiga. Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofar gaba tana ta goge takalmi, ta kasa ɗaga ƙafa, sai da aka riƙo hannunta.

Mama ta ce, "Da na gan ki a baya, kanki a ƙasa, kwano a hannu, uwata na gani."

Na yi kuka sosai. Na yi mata bayanin al'adarmu, na ce girmamawa ce. Ta ce, "A Kano ki yi ta shiga ta kicin. A gidana babu baƙar macen da za ta sake zagayawa. To ina abincin nawa?" Na ce Malam ya cinye tun ranar. Ta ce dama ta ga alamar haɗama a wuyansa.

Labarin ƙofar na rubuta wa malama, da izinin Mama. Ta ce ya yi kyau amma ban kawo hujjoji daga littattafai ba, ta rage mini maki. Ban damu ba.

Bara Mama ta faɗi ta karye a ƙugu, aka ce a keken guragu za ta dawo daga asibiti. Ɗanta ya zo daga wani gari da kafinta don a yi mata gangaren katako da za a riƙa turo keken ta kai zuwa ƙofa. Kafinta ya ce a baya ya fi sauƙi, matakala biyu ce kawai, ta gaba kuwa biyar. Ɗan ya yarda. Ni da ba 'yar gida ba na tsaya na kafe, na ce sam, na tuna masa kakarsa. Sai ya ce to, a yi a gaba. Ranar Asabar maigidana ya kwaso abokansa na masallaci, suka taya kafinta suka kafa shi a gaba, dogo, har ya cinye mata furanni.

Ranar da aka sallame ta ni na riƙe keken. Ta daɗe tana kallon gangaren, sannan ta gyara hularta.

Ta ce, "Tura ni a hankali, 'yar nan. So nake maƙwabta su gani."