Farar Bishiyar Malam Bukar

Ranar wata Laraba ce bayan La'asar, shekarar da nake aji biyar na firamare. Mu uku ne a zauren gidanmu na Goron Dutse: ni, da kakana Baba Alhaji mai sayar da sassaƙe da saiwoyi, da Malam Bukar, malaminmu na kimiyya, wanda ya zo karɓar wa mahaifiyarsa maganin sanyin ƙashi. Na laɓe bayan buhuna don kunya, saboda a makaranta "jikan mai saiwa" ake ce mini, kuma da safiyar nan na gaya wa Baba na daina bin sa daji. Shi kuwa wasa wuƙarsa kawai ya ci gaba da yi.

Malam Bukar ya hango ni, kuma ya san tsokanar da ake mini. Ya kira ni, ya ciro littafi, ya nuna mini hoton wata bishiya mai siraran ganye a bakin rafi. Ya ce a ƙasashen sanyi take tsira, kuma daga ɓawonta aka fara samo sinadarin da ya kai ga ƙwayar asfirin da muke sha in kai na ciwo. Masana na kiranta Salix alba. Kalmar farko tsohon sunan bishiyar ne da Latin, ta biyu kuwa tana nufin fara, don ƙasan ganyenta fari-fari ne, in iska ta kaɗa sai ka ce an watsa mata gari.

Baba ya daɗe yana duban hoton. "Ai kamar yadda muke cewa farar ƙaya ke nan," in ji shi. "Malam, in sun sassaƙa, suna shafe mata ciwon da laka?" Malam ya yi dariya, ya ce littafin bai faɗa ba. "Ashe da sauran karatu a gabansu," in ji Baba.

Ran Asabar ni na fara ɗaukar buhu, na bi Baba daji. A ranar ya koya mini sassaƙar gefe guda, ba a zagaye bishiya da wuƙa, sannan a liƙe wurin da laka don ta warke.

Yau wancan dajin duk ya zama gidaje, ni kuwa har yanzu ban taɓa ganin farar bishiyar ido da ido ba. Ina yi wa mutanen nan biyu, Baba da Malam, addu'a. Shekara shida na yi ina bin Baba daji, har ƙafarsa ta gaza.