Mai Lasar Yatsa a Ɗakin Kati

Tela na tsaye a tagar ɗakin kati na asibiti, ya kawo mahaifiyarsa ba kati, don katinta ya bi riga cikin wanki. Matar da ke ciki ta manyanta, tabarau a karan hanci. Bayanta kantoci ne wayam, gabanta kwamfuta. Tana jin sunan mahaifiyar Tela sai ta lashi yatsa kafin ta danna kwamfutar, kamar mai buɗe shafi. Tela yana ayyana shekarun da yatsan nan ya kwashe cikin ƙurar fayil.

"Ga ta, har da maganin da jikinta ba ya so," in ji ta.

"To katin fa, Iya?"

Tana dariya ta ce, "Kati ya riga ni yin ritaya, ɗana. Shigar da ita."