Haruffa masu ƙugiya

A shekarar da gwamnati ke cewa ba yunwa, mutanen ƙauye kuma na cika tashar Maraɗi da ƙullin kaya, ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Sabon Gari. Intanet a lokacin sai a hankali, don haka abin da ban sa a faifan da nake girka wa mutane tsarin inji ba, to babu shi ke nan. Faifan kuwa ƙaramin ciki gare shi, dole a zaɓa.

Da na zo haɗa sabo, wuri ya ƙare. Ya rage ko wasan karta da abin jin waƙa, ko haruffan Hausa masu ƙugiya, su ƙ da ɗ da ɓ. Ma'aikata na yajin aiki, kowa karta yake tambaya. Na cire haruffan, ko gezau ban yi ba.

Akwai wani dattijo daga Jiratawa, tsohon malamin yaƙi da jahilci, da ya yi shekaru yana rubuta littafi a kwamfuta kan abin da tsofaffin manoman bakin Gulbin Maraɗi suka gaya masa. Injinsa ya rikice, ya kawo mini a bayan babur.

"Ɗana, ka sa mani haruffanmu ko?"

"Na sa, Baba," na ce, ban ko ɗaga kai ba.

Bayan kwana biyu ya aiko da takarda: duk inda ƙugiya take, ɗan akwati ya fito, aikinsa ya lalace. Na san bai lalace ba, gyaran minti biyu ne. Na ce gobe. Yau a rufe kasuwa don zanga-zanga, gobe a ɗauke wuta, jibi ƙiwuya ce kawai irin tawa. Ranar da na hau babur na tafi gidansa, zaman makokinsa na tarar.

Ƴarsa ta kunna mini injin. Na sa haruffan, akwatunan suka koma haruffa masu ƙugiya, amma a rabin littafin na baya kaɗai. Rabin farko ya bi shi da hannu yana goge akwati ɗaya ɗaya, yana sa k da d da b, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa. Aikin da ya cinye kwanakinsa na ƙarshe ke nan. Ta ce bai taɓa zagina ba, cewa yake aiki ya yi mini yawa. Har yau kunyar dattijon nan nake ji. A tsakiyar wata kalma ya tsaya.