Takardar da Na Jira a Hannun Direba

Mu nan Sabon Birni, duk saƙo mai nauyi a takarda yake zuwa, kuma a hannun direba. Haka na tashi na iske. Lokacin da ƙanen mai gidana ya samu kwalejin horon malamai, direban motar Sakkwato ne ya kawo ambulan har zauren da Malam, mai gidan nawa, ke karantarwa, anka buɗe gaban jama'a, anka yi addu'a. Ni da na tsaya aji uku na firamare, iyakar abin da na sani ke nan game da shiga babbar makaranta.

Ɗiyata ta fari ita ce mai ƙwaƙwalwar gidanmu. Likita take son zama, tun tana yi wa 'yar tsanarta allura da tsinken tsintsiya. Ta je Sakkwato ta yi jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta, ta ci maki mai yawa, har malamanta sunka zo yi mana barka. Da yake ba ta da waya, da lambata ta yi rajista.

Ana nan sai anka yanke sabis a ƙasarmu duka saboda 'yan bindiga. Kowa ya koma layin Nijar. Yayana da ke fatauci ta Burkusuma ya kawo mini ɗaya, in an hau soro yana ɗan kamawa. Wayata mai layi guda ce, sai na cire na Najeriya, na naɗe shi a leda, na jefa cikin kwalla.

Wata safiya ina tankaɗe ta durƙusa kusa da ni.

"Inna, ki ba ni layin nan in kai shi Sakkwato in duba. Sun ce ta waya za a sanar."

"Ke, wace jami'a ce za ta kira mutum ta saƙon tes, kamar masu tallar kati? Takarda za ta zo."

"Inna, takarda ta mutu tun zamanin Baba Ƙarami."

"To, Allah ya jiƙanta. Ke dai ba inda za ki."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma gaskiyar magana, tsoron hanya ne ya cika mini ciki. A makon nan an tare mota an shiga daji da mutane. Maganar takarda ta zame mini wurin fakewa, har na yarda da ita da gaske.

Ni ba mai fita ba ce, sai na ɗora wa mijin maƙwabciyata, direba ne, ya riƙa tambaya a tasha. Duk ranar da ya dawo sai ya tsaya a zaure ya ɗaga murya: "Hajiya, yau ma ba takarda, sai buhun albasa!" Haka munka kwashe fiye da wata biyu.

Rasuwa ce ta kai Malam Sakkwato, ya tafi da ɗiyar tamu. Mai shagon kwamfuta ya buɗe sunanta, ya ce an ba ta gurbin likitanci, an jira ta danna ta karɓa, kwanakin sun cika, an ba wani. Malam ya ce ya nemi wanda za a roƙa, anka ce masa babu kowa, na'ura ce ta rufe.

Da sunka dawo ta aje jaka, ta yi alwala, ta yi la'asar, sannan ta zo ta zauna.

"Mi anka ce?"

"Sun kira ni, Inna. Mu ne ba mu amsa ba."

Ina jin masu ilimi suna gardama a rediyo kan wannan tsari. Wani ya ce kwamfuta ta kashe alfarma, ɗan talaka na shiga ba tare da ya san kowa ba. Ban musa ba, ai ɗiyata ba ta san kowa ba anka zaɓe ta. Wani kuma ya ce bai kamata sakamakon jarrabawa ya mutu cikin shekara guda ba, a bar shi ya kai biyu ko uku. Wannan da na gan shi da na tuƙa masa tuwo. Sai dai har yau ban ji wanda ya tambayi yadda yaron da anka yanke wa garinsu sabis zai danna wani abu ba.

Ta sake jarrabawar da shekara ta zagayo. Lokacin mun yi gudun hijira zuwa Isa, mu tara a ɗakin ƙanwata, ba wurin buɗe littafi. Makin bai kai ba. Ta uku kuwa cewa ta yi, "Ba za ni iya ba, Inna, kaina ya gaji." Yanzu lissafi take koya wa 'yan mata a Islamiyyar babanta.

Sallar da ta wuce ƙawarta ta zo gaishe mu, tana aji huɗu a jami'a. Ɗiyata ta soya mata nama, ta yi ta tambayarta abin da ake koya musu, ɗaya bayan ɗaya, har yarinyar ta fara jin nauyi. Bayan ta raka ta, na iske ta a bakin rijiya tana wanke kwanonin da na riga na wanke.

Na ce, "Uwata, ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da kin bar ni na tafi anka tare mu fa? Da yanzu wa kike roƙo?"

Na san don ta sanyaya mini zuciya ta faɗa. Na karɓi kwano guda daga hannunta, munka ci gaba da wankewa.